Gugar Ƙwallo a Wando

Kamila na durƙushe a falon gidansu da ke unguwar Danau Kota tana cusa takalmin wasa a jaka, sai ga Ummanta ta fito daga kicin da waya a hannu, fuskar nan babu annuri.

"Ke Kamila, zo ki ga abin da Saudatu ta tura grup ɗin matan Nijeriya."

Ɗan gajeren bidiyo ne. Kamila ce a filin kurket, da dogon wando da hijabinta na wasa, tana goga ƙwallo a cinyarta. An yanke farkonsa, an yanke ƙarshensa, an bar gugar kaɗai. A ƙasa an rubuta: "Ga wadda ƙanina yake son aura. Ku dubi abin da take yi a gaban maza."

Wallahi abin da ciwo. Yarinyar nan tun tana firamare take jifan ƙwallo a nan Kuala Lumpur, inda Abbanta, Alhaji Abdulgani, yake sayar da wayoyi a Bukit Bintang. Daga ƙungiyar makaranta ta shiga kulob, daga kulob ta buga wa Nijeriya a rukunin 'yan ƙasa da sha tara. Yanzu babbar ƙungiyar matan Nijeriya ta zo gasa garin, an kira ta, ranar Asabar za ta fara wasa. Kuma ko yaron da ya shiga kurket jiya ya san mai jifa yakan goge gefe ɗaya na ƙwallon har ya yi sheƙi, ya bar ɗayan da kaushinsa, don ta karkace a iska ta ruɗi mai bugu. Anti Saudatu ba ta sani ba, ba ta kuma tambaya ba. Ita ce yayar Tajuddeen, saurayin Kamila mai karatun digiri na uku, ita ce kuma tamkar uwarsa a ƙasar nan.

Da yamma Tajuddeen ya zo zance, ya kasa haɗa ido da ita.

"Hajiya mahaifiyata ta kira daga Kano, ta ga bidiyon. Ta ce ko ki bar wasan, ko a bar maganar aurenmu."

"Kai kuma me ka ce?"

Ya sosa ƙeya. "Na ce zan miki magana. Kamila, ba za ki iya jifan ba tare da gogawar nan ba? Na wannan karon kawai, har ƙura ta lafa."

Ta dube shi kamar yau ta fara ganinsa. "Har da kai? Shekara biyu kana zuwa kallona, ni na bayyana maka dalilin gugar da bakina. Ka san ba abin da na yi, amma maimakon ka faɗa musu gaskiya, ni kake so in nuna kamar na yi laifi na tuba."

Hawaye suka ƙwace mata, ta shige ɗaki. Abba da ke jin su ya bi ta ya tsaya a bakin ƙofa.

"Ki yi haƙuri, uwata. Kar ki mayar wa Saudatu ko kalma ɗaya. Ki je ki yi wasanki, ni na san 'yar da na haifa."

Haka ta yi. Matan grup suka yi ta yaɓa mata magana, har da waɗanda ke aiko 'ya'yansu ta koya musu lissafi kyauta. Ta ƙi tankawa, sai dai filo ya sha kuka.

Shi kuwa Tajuddeen maganarta ta hana shi sukuni. Ya samu yayarsa ya ce, "Yaya, ki zo filin ranar Asabar. In kin ga abin kunya da idonki, ni da kaina zan janye."

"Zan zo kuwa," in ji ta. "Da cajin wayata a cike."

Ranar Asabar Allah ya haɗa Anti Saudatu zama kusa da wata tsohuwa 'yar Malesiya, da lulluɓinta da carbi a hannu, wadda jikarta ke jifa wa ƙungiyar masu masauki. Da yarinyar ta karɓi ƙwallo, tsohuwar ta ɗaga murya: "Gosok, gosok!"

Anti Saudatu ta san kalmar, ita take faɗa a shagon wanki in tana son a yi mata guga. Ta zuba ido, sai ga jikar tsohuwa tana goga ƙwallo a cinya. Ta gaba ma haka. Ta bayanta ma haka. Da ɗan guntun Malayancinta ta tambayi dalili, tsohuwar ta yi dariya ta ce in ba a goge ba ƙwallon ba ta lanƙwasa, marigayi mijinta ma haka ya yi ta lalata mata fararen wanduna. Nan Anti Saudatu ta fara gane kuskurenta.

Da jifa ya juyo kan 'yan Nijeriya, aka miƙa wa Kamila ƙwallo. Ta kai ta cinya ke nan ta hango Anti Saudatu da waya a hannu, sai hannunta ya tsaya cak. Ta jefa hakanan, zuciya a dagule. Ƙwallon ta tafi sambal, mai bugu ta ɗauke ta har wajen fili. Ta sake, aka sake. Kyaftin ta fara kallonta.

Nan Tajuddeen ya miƙe tsaye a tsakiyar jama'a, a gefen yayarsa, ya ware murya: "Kamila, goga!"

Ta ji shi. Ta goge ƙwallon a wando a nutse, ta sheƙo da gudu ta saki. Ƙwallon ta taho kamar za ta wuce, ta karyo ciki, ta watsa sandunan da ke bayan mai bugu. Kafin a tashi ta fitar da mutum uku.

Bayan wasa Anti Saudatu ta jawo ta gefe, murya ƙasa-ƙasa. "Ƙanwata, ki yafe min. Ban sani ba."

Kamila ta rusuna. "Na yafe, Anti, har ga Allah. Amma a grup kika faɗa, a grup nake so ki gyara."

Anti Saudatu ta dubi wayar da ta zo ɗaukar shaida da ita. Ta danna wajen ɗaukar murya, ta faɗa wa matan nan duka cewa ƙazafi ta yi wa yarinya. Ta tura wa Hajiya ma. Bayan sati biyu manya suka kawo gaisuwa gidan Alhaji Abdulgani.

Jama'a, abin da ba ku sani ba ku tambaya kafin ku tura. Haƙuri ya wanke Kamila, amma kukan da ta sha a makon nan ba wanda ya biya ta.