Ranar da Aka Zaga Potiskum da Yarinyar Gogo

Raudatu na durƙushe a tsakar ɗaki tana danna kaya cikin akwati, 'yan biyunta Hussain da Hussaina kuwa sun mai da katifa filin tsalle, suna ta ihun "Kano! Kano! Gidan zu!" Ana cikin haka ta ji tsayuwar motar maigidan a ƙofar gida. Tun daga sallamarsa ta san akwai magana, don Idrisu ba mutum ne mai shigowa a sanyaye ba.

"Baban biyu, lafiya? Ina Fiddausi? Ba ita ka je Mamudo ɗaukowa ba?"

Ya zauna a bakin gado, ya cire hula ya kifa a gwiwa. "Gogo ta hana."

"Ta hana?!"

"Ta ce ba a kai mata yarinya Kano. Hanya ta yi nisa, direbobi ba su da hankali. Wai in dai yawon buɗe ido ne, ai Potiskum ma gari ne."

Raudatu ta saki rigar da ke hannunta. Idrisu Bubayaro dillalin shanu ne a kara, wato kasuwar shanu, Bafulatanin da ya zauna a gari, ita kuwa 'yar Kanawan Potiskum ce, mahaifinta na sayar da atamfa a kasuwa. A shagon suka haɗu. Ya zo saya wa mahaifiyarsa Gogo turmi ɗaya, sai ya ga mai miƙo kaya, daga nan kuma ya dinga dawowa sayen atamfa har Gogo ta tambaya ko shago zai buɗe. Auren so suka yi, kuma har yau in ya yi tafiya Raudatu ba ta jin daɗin abinci.

Abu ɗaya ne ke ci mata tuwo a ƙwarya. Da aka yaye 'yarsu ta fari, Fiddausi, Gogo ta ɗauke ta zuwa Mamudo kamar yadda al'adarsu take, Raudatu ta haɗiye kukanta ta bayar. Riƙo kam Gogo ta iya, yarinya ta taso da ladabi da tsafta. Amma kunyar 'yar fari ta kama Idrisu kamun da ya wuce misali. Shekarun yarinyar tara, bai taɓa ɗaukarta ba, bai taɓa haɗa ido da ita ba, sunanta kuwa ko da wasa bai taɓa fita daga bakinsa ba. "Yarinyar Gogo" yake cewa. Shi ya sa Raudatu ta ƙulla tafiyar Kanon nan tun farkon hutun makaranta. A lissafinta, in sun yi nisa da idon dangi, ko a gaban kejin zaki ne uban zai manta ya kama hannun 'yarsa.

"To yanzu ya ke nan?" ta tambaya.

"Mu tafi da 'yan biyu mana, Rauda. Ita an kai ta wani lokaci."

"Wani lokaci! Haba Baban biyu! Kullum wani lokaci!" Hawaye suka zubo mata. Yaran suka daina tsalle suna kallonta. Ta so ta faɗi maganganu da yawa a kan Gogo, har sun zo mata baki, sai ta tuna uwar mijinta ce, kuma tsohuwar ba ta taɓa nufinta da sharri ba. Ta share fuska da gefen ɗankwali, ta jawo akwatin ta fara fito da kaya.

"Me kike yi haka?"

"In babu Fiddausi babu Kano. Gogo ta ce Potiskum ma gari ne, ko? To Potiskum za mu zaga. Ka koma ka roƙa mana ita."

Ya koma, Gogo ta yarda, amma da sharaɗi: ƙafarta ƙafar jikarta. Da Raudatu ta ji haka sai da ta yi dariyar takaici, don idon da take gudu shi ne zai zauna a gidan gaban mota.

Ranar kasuwa da hantsi suka fito. Gogo ta hakimce kusa da direba da farin mayafinta, Raudatu da yara uku a baya, kular dambu da soyayyun zabi a but ɗin mota. 'Yan biyu sai kumbure-kumbure suke.

"Momi, wannan ai ba holide ba ne," in ji Hussaina. "Garinmu ne fa!"

Fiddausi kuwa ta manna goshi a gilas. Rabonta da cikin gari tun sallar bara, kuma ko a lokacin daga mota sai gida. Jerin tirelolin da ke gefen titin Kano ya sa ta riƙe baki, Keke Napep da ke ta kurɗawa tsakanin motoci suka ba ta dariya. Idrisu, da yake mutum ne mai barkwanci in ya ga dama, ya gyara murya ya zama ɗan rakiyar baƙi.

"Jama'a, barkanku da zuwa birnin Potiskum! A hannun dama ga kasuwar hatsi, inda gero ya fi mutane yawa. A hannun hagu ga mai faci, shi ma abin tarihi ne, tun ina yaro yake nan!"

Kafin a jima 'yan biyu sun manta da fushi. Aka tsaya a kasuwar hatsi, yara suka tsaya gaban tulin buhuna aka yi musu hoto a waya. Daga nan aka nufi tsohon filin jirgi. Gogo ta fito, ta kare ido da hannu, ta dubi gabas ta dubi yamma. Awaki ne kawai sai wani mai koyon mota can nesa.

"Ina jirgin?"

"Ai ya daɗe bai sauka ba, Gogo," in ji Raudatu.

"Aradu an ɓata wurin kiwo mai kyau!"

Aka kwashe da dariya. Idrisu ya ce tunda babu jirgi shi zai zama jirgin. Ya saɓa Hussain a wuya ya ruga yana ƙugi, ya dawo ya sauke shi ya ɗauki Hussaina. Da ya dawo karo na biyu yana haki, Raudatu ta ga Fiddausi ta matso, hannayenta sun fara ɗagawa. Idrisu ya kawar da kai, ya ce rana ta yi zafi, a koma mota. Yarinyar ta mai da hannayenta bayanta, ta bi sahu.

Sun ci dambu a inuwar wata darbejiya, sannan aka shiga wani shago mai sanyi a bakin titi don a sha ayis kirim. Gogo ta ɗanɗana da bakin cokali, ta yamutsa fuska ta ce nono ne aka zalunta, amma ba ta ajiye kofin ba.

"Hussain, wanne kake so? Hussaina, ke fa, mai cakulan?" Idrisu na tsaye gaban firji yana tambaya. Sai ya juyo wajen matarsa. "A tambayi yarinyar Gogo wanda take so."

Da ya fita amsa waya, Fiddausi ta jawo gefen hijabin uwarta. A hankali ta yi maganar, kamar mai tsoron a ce ta yi rashin kunya.

"Umma, shi Baffa bai san sunana ba ne? In ya manta ne, ki gaya masa a ɓoye. Ba zan ji haushi ba."

Raudatu ta sunkuya. Ta rungume 'yar. Ta saci kallon Gogo, ta ga tsohuwar na kallon titi, sai dai cokalin ya tsaya cak a hannunta.

Raudatu ta fita ta iske Idrisu a jikin mota, ta faɗa masa abin da yarinyar ta ce, kalma bayan kalma. Fuskarsa ta canza nan take.

"Inna lillahi! Ni ne ban san sunanta ba? Ni fa na zaɓa mata shi! Wallahi Rauda, ba na ɗaga goshi daga sujada ban ambace ta ba."

"Ba ta jin abin da ke cikin sujadarka, Baban biyu. Kunne gare ta irin na kowa."

"A gaban Gogo kike so in kira? Ni ɗan farinta ne. Ga furfura ta fara fito mini, har yau ba ta taɓa kiran sunana ba. Da wane baki zan yi abin da ita ba ta yi ba, tana zaune tana ji?"

"To kai da kana yaro, abin bai taɓa damunka ba?"

Ya sunkuyar da kai yana murza makullin mota. Sunkuyawar nan ta ba ta tausayi fiye da duk abin da zai iya faɗa. Ta so ta matsa masa, ta ga in ta yi haka tsakanin ɗa da uwa za ta shiga. Ta sassauta murya.

"Ba zan sa ka saɓa wa Gogo ba. Na faɗa maka ne don ka sani. Allah Ya kawo mana mafita."

Zangon ƙarshe kara ce, wurin sana'arsa, don Hussain ya nace sai ya ga yadda ake loda shanu a tirela. Bayan la'asar suka isa. Shanu ko ta ina, farare da jajaye, masu ƙaho kamar a rataya wanki, ga kukansu ga ihun masu kora. Nan Fiddausi ta fi ƙannenta sabo. Hussaina ta maƙale a jikin uwa tana "Momi zai tunkure ni!", ita kuwa ta miƙa hannu tana shafa wuyan wani ɗan maraƙi.

Wani abokin dillancin Idrisu mai suna Yaji ya taho da fara'a, ya durƙusa ya gaida Gogo, ya shafa kan 'yan biyu.

"Waɗannan kam na san su. To wannan mai hankalin fa, da ta iya kama maraƙi haka? 'Yar wa ce?"

Idrisu ya dubi mahaifiyarsa, ya dubi ƙasa.

"Yarinyar Gogo ce."

Fiddausi ba ta yi kuka mai sauti ba. Ta dai cusa fuska a wuyan maraƙin, kafaɗunta na rawa.

Gogo ta gyara mayafi. Ba ta dubi ɗanta ba, da ma ba ta saba ba. Raudatu ta fuskanta.

"Ke Raudatu, gaya wa mai gidanki zan je can in duba wata farar saniya. Ki gaya masa kunnena ya tsufa, cikin kukan shanun nan ba na jin komai, kuma ba zan waiwayo ba sai an zo an taɓa ni." Ta ɗan rage murya. "Ni bakina ya riga ya ƙage, haka zan koma ga Allah. Nasa bai ƙage ba tukuna."

Ta juya ta tafi a hankali, ta tsaya can ta ba su baya.

Idrisu ya daɗe a tsaye. Sannan ya tattare babbar rigarsa, ya durƙusa a ƙasar kara, bai damu da kashin shanu ba. Ya buɗe baki, murya ta ƙi fita. Ya sake gwadawa.

"Fiddausi."

Yarinyar ta ɗago, ta waiwaya hagu da dama tana neman mai kiran.

"Fiddausi, ni ne. Zo nan, 'yata."

"Na'am, Baffa!"

Da gudu ta faɗa jikinsa. Ya rungume ta, hawaye na sauka cikin gemunsa, sannan ya miƙe ya saɓa ta a wuya duk tsawonta, ƙafafunta na reto har cikinsa.

"Yaji, ka tambaye ni ɗazu ban ba ka amsa daidai ba. 'Yata ce, ta fari. Sunanta Fiddausi."

"Masha Allah!" in ji Yaji. "Ai ga kama nan, har hancin!"

'Yan biyu suka hau tafi. Raudatu na dariya tana kuka, son mijinta ya dawo mata sabo fil. Ta hango Gogo can tana goge ido da bakin mayafi, ta ƙura wa wata saniya ido, saniyar kuwa ja ce wur. Ta ƙarasa ta taɓa kafaɗarta, ta durƙusa har ƙasa.

"Na gode, Gogo. Allah Ya ƙara girma."

"Godiyar me? Ni saniya nake kallo. Tashi, kada ki ɓata zanenki."

Da Raudatu ta ɗaga murya a kan surukarta tun ranar da aka hana tafiya Kano, da ta samu Kanon, amma da ba ta ga wannan rana ba. Haƙurinta da girmama na gaba su suka buɗe abin da faɗa ba zai buɗe ba. Kunya ado ce, al'ada kuma abin riƙewa ce, amma duk kunyar da za ta sa yaro ya kwana yana shakkar ko iyayensa na sonsa, ta wuce inda aka ajiye ta. Yaro ba ya ganin cikin zuciya, abin da ya ji da kunnensa shi yake riƙewa.

A hanyar mai da su Mamudo kuwa bakin Idrisu ya ƙi rufuwa. "Fiddausi, kin gaji? Fiddausi, a ƙaro miki zabo? Fiddausi, kin ga wancan rimin?" Ita kuma tana ta "Na'am, Baffa", har da wanda ba a kira ba.

Can Gogo ta yi gyaran murya, idonta na kan hanya.

"Raudatu, gaya wa mai gidanki kunnena ya warke."

Idrisu ya damƙe sitiyari.

"Ki kuma gaya masa," in ji Gogo, "ban ce ya daina ba."