Matoshin Kwalba a Ɗakin Baje Koli

Da safe, ranar da za a buɗe baje kolin matasan masu zane na São Paulo, Dona Eulália Prates ta shiga zauren ta tarar da ƙusa kawai a inda hotonta yake. Shekara biyu ta yi a kansa: mata masu tsince kofi, fuskokinsu shuɗaye, hannuwa kamar tabarya. Shi kaɗai aka karɓa daga mace. Idan yamma ta yi babu shi, za a cire sunanta.

Sufeton 'yan sanda Honório Bastos ya iso ya sami Ulisses Tavares, shugaban ƙungiyar matasan masu zanen, yana wa'azi a kan kujera.

"Tsofaffi ne suka sace shi, Sufeto! Masu zana 'ya'yan itace a faranti. Ka kama Dakta Valadão, shi ya rubuta a jarida cewa hoton na mahaukata ne."

Kowa ya yarda. A garin nan idan kowa ya yarda da abu, to a sake dubawa.

Sufeto ya zagaya zauren. Ya duba ƙofa, ba a ɓalle ta ba. Ya durƙusa a gindin bangon, ya tsinci guntun matoshin kwalbar giya, an yanka shi da wuƙa mai kaifi, daidai wa daida. Ya sa a aljihu.

Dakta Valadão yana shan kofi a shagon da ke kallon zauren.

"In sace shi? Haba Sufeto. Na sayi buhun dankali don yammacin yau, na raba wa ɗalibai su jefi hoton. Me za mu jefa in babu shi?"

"Ina kake da asuba?"

"A gado, kamar kowane mai hankali. Tambayi matata, ita ma ba ta ƙaunata, ba za ta yi min ƙarya ba."

Aka sallame shi. Sai mai gadin zauren, Seu Firmino, wato Malam Firmino.

"Baƙo ya shigo?"

"Ko kyanwa. Seu Ulisses ne kawai ya fita da nasa hoton, naɗe da bargo, wai zai gyara wani wuri. Ya dawo da shi kuma, ga shi can."

"Ɗaya ya ɗauka?"

"Ɗaya na gani. Amma ya yi ta nishi a matakala. Na ce, Seu Ulisses, zanen sabon zamanin nan da nauyi yake."

Sufeto ya koma wurin Eulália. Tana zaune kan akwati tana shan taba, idonta a bushe.

"Dona Eulália, fentin ya bushe?"

"Jan bai bushe ba. Shekaranjiya na ƙara shi, da kauri."

Ya nuna mata guntun. "Me kuke yi da wannan?"

"Idan za mu ɗauki ɗanyen hoto, muna haɗa shi fuska da fuska da wani mai girmansa, mu sa irin wannan a kusurwa huɗu don kada su taɓa juna." Ta kashe tabarta. Sannan ta juya ta dubi hoton Ulisses. Kafinta ɗaya ya yi katakon hotonta da nasa, awo ɗaya.

Sufeto ya je ya duba kusurwoyin hoton Ulisses. A kowace akwai ɗan zagayen tabo inda aka danna wani abu.

"Sauko daga kujerar, Seu Ulisses."

"Kana zargina? Ni da na kafa ƙungiyar nan?"

"Wanda ya tsani hoto wuƙa yake sa masa, ko ya jefe shi. Ba ya zama ya yanka matoshi don kada ja ya goge. Mai zane ne ya ɗauke shi, wanda ya san darajarsa. An fita da hoto biyu a bargo ɗaya, ɗaya ya dawo. Ina ɗayan?"

A bayan kabad ɗin ɗakinsa aka same shi, ko ƙwarzane babu.

"Gobe zan mayar," in ji Ulisses. "Eulália, dariya za su yi miki. Kare ki na yi."

"Ni ka kare? Ka ji tsoro a tsaya gaban nawa a manta da naka. Kai mai cewa a ƙona gidajen tarihi, hoton mace ɗaya ya hana ka barci."

Sufeto ya fito da ankwa. "Dona, ki ce in tafi da shi."

"A'a. Idan ka kulle shi, gobe jarida labarinsa za ta yi, har ya zama shahidi. Bar min shi." Ta nuna bangon tsakiya, mai kallon ƙofa. "Sauke naka, Ulisses. Rataya nawa a nan, da hannunka."

Ya rataya. Ta sa ya gyara shi sau biyu, wai ya karkace.

Da yamma ɗalibai suka cika zauren, aljihunansu a kumbure. Eulália ta tsaya gefen hotonta da jar hula, ta kamo hannun rigar Ulisses ta tsayar da shi a gaba.

"Tunda karewa ka iya," ta ce, "kare."

Dankalin farko a goshi ya same shi.