Takalmin Aƙilu

"Da takalminsa fa! A tsaye, gaban manya!" Malam Maiwada ya shigo gida yana huci, ya dubi 'yarsa Shafa'atu da ke tsintar auduga a tsakar gida. "Wanda kike so ke nan? To, maganar aure ta mutu!"

Laifin saurayinta Aƙilu ɗaya ne. Kwamitin gyaran kotuna ya zo Malumfashi jin ra'ayi, samarin garinsu Gozaki suka tura shi. Bai durƙusa ba, ya ce a raba kotu da En'e, wato hukumar sarakuna, talaka ya iya yin afil, ya ɗaukaka ƙara ba tare da tsoron kowa ba.

"Baba, ai tambayarsu aka yi..."

"Rufe min baki!"

Ta rufe. Aƙilu ya koma Funtua aikin injin auduga, ƙawaye suka janye jiki, wai budurwar marar kunya ce. Ita kaɗai take zuwa rijiya, ita kaɗai take dawowa. Ranar kasuwa ba mai sayo mata ko ƙuli-ƙuli. Wallahi yarinyar nan ta sha kaɗaici, amma ba ta taɓa ɗaga wa mahaifinta murya ba. Masu neman aure suka zo, ta ce ita dai tana jira.

Ana nan aka yi gyaran. Da bazara wani attajiri ya ci iyakar gonar Malam, alƙali kuma ya ba shi gaskiya. Malam ya dawo ya zauna a zaure, ko tuwo ya kasa ci.

"Baba, ka yi afil mana," in ji Shafa'atu a hankali. "Yanzu ba mai ɗaure ka."

"Wa ya san hanyar?"

Ta sunkuyar da kai. Shi ma ya san amsar.

Aka aika Funtua, Aƙilu ne ya zo ya raka shi babbar kotu, kuma gona ta dawo kafin shuka. Da suka iso ƙofar zaure, saurayin ya tuɓe takalmi, ya durƙusa.

Malam ya share ƙwalla. "Shigo da abinka, ɗana. Ni na yi maka ba daidai ba."

"A'a, Baba. A kotu ne ake tsayawa. Nan gidan uba ne."

Shafa'atu na bayan zana, tana kuka tana dariya.

'Yan'uwa matasa, ku nemi gyara da bakinku, amma ku riƙe ladabi da haƙuri. Aƙilu da Shafa'atu sun riƙe, aka ɗaura aurensu da kaka, da dawar gonar nan aka yi tuwon biki.