Ruwan da Ashiru Ya Ƙi Sha

"Ruwa ne fa, malam. Ba guba na miƙo maka ba."

"Na sani. Na gode. An hana mu."

"Wa ya hana ka shan ruwa cikin ranar ga?"

Ashiru ya dubi ƙwaryar da ke hannun yarinyar, ya kau da kai. Ma'aikacin tsabta ne a merin Tawa, wato ofishin magajin gari, bai daɗe da barin lakwal, wato makaranta, ba. An aiko shi ya duba filin da za a gina sabuwar tasha, ya rubuta abin da ginin zai jawo wa lafiyar unguwa. Shugabansa ya ja masa kunne kada ya karɓi komai a hannun kowa, don a zamanin nan na jam'iyyu, ko goro aka ba ka sai a ce an saye ka. Shi kuwa ya haɗa har da ruwa.

Yarinyar, Raƙiya, ta juye ƙwaryar a gindin dogon yaro.

"Kakana ya gina rijiyar ga sadaka. Mai raƙumi ya sha, mai shanu ya sha, mahaukaci ma ya sha. Kai ne na farko da ya ƙi."

Ashiru ya ja igiyar awonsa daga bakin rijiya zuwa turakun da meri ta kafa, ya hau kekensa da busasshen maƙogwaro. Fuskarta ta bi shi har gida.

Ranar Juma'a, a filin gaishe-gaishe na rediyo, aka karanta: "Ashiru ma'aikacin tsabta yana gaida mai ƙwarya ta bakin rijiya. Ya ce ƙishirwa ta hukunta shi, a yi mishi afuwa."

Ƙawayenta suka yi ta shewa. Juma'ar da ta zagayo amsa ta fito: "Mai ƙwarya tana gaida Ƙi-sha-ruwa. Ta ce rijiya ba ta ƙaura ba."

Ashiru ya je rijiyar bayan la'asar, ba igiya, ba takarda. Ya sha ƙwarya guda a tsaye, ya miƙa aka ƙara.

"A hankali, Ƙi-sha-ruwa, kada ka ƙafar muna da ita."

"Ba ruwan ne ya maido ni ba, Sanyina."

"To mi ne ne?"

"Kin sani."

Ta rufe fuska da gefen mayafi. Shi ba mai yawan magana ba ne, ita kuwa ba ta gajiya da tsokana. Haka suka daidaita.

Amma akwai Dodo, ɗan wani babban ɗan kasuwa, wanda ya samu kwangilar tashar, ya kuma daɗe yana faka babur a ƙofar gidansu Raƙiya. Shi ya je ya gaya wa mahaifinta, Malam Alƙasum, cewa a tsarin meri za a yi makewayin matafiya a saman rijiya, ita kuma a rufe ta da siminti a kawo famfo. Ya ƙara da cewa yaron nan mai igiya shi ke da aikin rufewar.

Malam Alƙasum ya kira Raƙiya, bai ɗaga murya ba.

"Wanda zai rufe sadakar ubana ba ya auren ɗiyata. Kada in ƙara ganin kekenai ƙofar gidana."

Raƙiya ta tare Ashiru a bakin lungu, idanunta jawur.

"Gaskiya ne?"

"Haka yake a takarda."

"Kai fa?"

"Ban rubuta nawa ba tukuna."

Ta jira ya ƙara ko kalma ɗaya. Bai ƙara ba. Ta juya ta shige gida, daga ranar kuma rediyo bai sake ambatar mai ƙwarya ba.

Ranar da meri ta tara dattawan unguwa don a karanta musu tsarin, Malam Alƙasum ya je da niyyar tsine wa yaron a gaban kowa. Aka ce ma'aikacin tsabta ya tashi ya faɗi abin da ya gani. Shugabansa ya raɗa masa ya taƙaita.

Ashiru ya miƙe.

"Ƙasar wajen dutse ce mai tsaga, kuma gangare ne zuwa unguwa. Abin da ya shiga ramin makewayin nan, da damina zai sauka cikin gidaje. Famfo kuwa duk mun san shi, yau ya zo, gobe babu. Ran da babu, mata tabki za su koma, yara su kama gudawa. A ɗaga makewayi. A bar rijiya, a yi mata baki da murfi. Ban sa hannu a wancan tsarin ba."

Ya zauna. Dodo ya yi tsaki ya fita. Likitan da ke wurin ya ce shi ma haka ya gani, dattawa suka ɗauki maganar suka ƙi saki. Aka mayar da makewayin can bayan tasha, gefen gabas. Shi kuwa Ashiru, kafin wata ya mutu aka ba shi takardar canjin aiki zuwa Affala.

Yana ɗaure tabarmarsa kawunsa ya shigo yana murmushi.

"Malam Alƙasum ya aiko. Ya ce mu zo da goro."

Da yamma aka bar shi ya ga Raƙiya a zaure.

"Mi ya hana ka gaya mini tun rannan?"

"Tsoro. Ban san ko zan iya tashi tsaye ba."

"Ka tashi, ai."

"Affala ƙauye ne, Sanyina. Albashi ma sai ran da aka gani."

"Can ba a daka hatsi? Ka bar ni da wannan."

Ya sunkuyar da kai. Ya ce Alhamdulillahi a hankali, ya sake faɗa.

Bayan kaka aka ɗaura aure. Malam Alƙasum ya riƙe hannun angon ya daɗe bai saki ba.

"Allah shi ba ku zaman lafiya, shi ba ku zuri'a mai albarka. Yadda ka rufa ma ubana asiri cikin kabarinai, Allah shi rufa maka naka."

Aka shafa. Kafin motar Affala ta tashi, aka kai su wajen kakar amarya, Inna Kadidiya, wadda ido ya yi mata nisa. Ta lalubo kan Ashiru ta dafa, ta yi ta sa albarka har Raƙiya ta fara kuka. Mata suka yi guɗa. Tsohuwar ta jira guɗar ta lafa, hannunta har yanzu a kansa.

"Angona, an ce ka kore muna ƙazanta can gabas. Allah shi biya ka. To su mutanen gabas ɗin, ina suke ɗibar ruwa?"