Ƙwan Kwaɗi a Bokitin Glory

Rijiyar unguwa ba ta kawo ruwa ba tukuna, ga ɗan Glory kwance da zazzaɓi. Shi ya sa ta hau dutsen bayan garin Manga da magariba, zuwa tafkin cikin kurmi. Matan garin ba sa ɗibar ruwan nan sai sun kore ƙwan kwaɗi gefe da ƙwarya. Ita kuwa sauri take, ta zunduma bokiti kawai.

Tana gangarowa kukan kwaɗin ya ɗauke ɗif. Wata tsohuwa na tsugune a tsakiyar hanya, zanenta sharkaf, alhali yau ko yayyafi ba a yi ba.

"Sannu, Inna. Ɗan matsa in wuce, yarona ba lafiya."

"Nawa yaran fa?" Muryar ta fito kamar daga cikin randa. "Da can sun cika dutsen nan. Bana waɗanda kika kwaso kaɗai suka rage mini."

Glory ta sauke bokitin, ta leƙa ciki. Ga ƙwan nan baƙi-baƙi cikin yauƙi. Ta ɗago za ta ba da haƙuri, sai ta ga maƙogwaron tsohuwar yana kumbura yana sacewa. Hannun da tsohuwar ta miƙo kuwa, fata ce ta haɗe yatsunsa.