Kaskon Kawu Jalo

Gab da magariba na tafi duba ɗakin gas, kamar kullum. A wani garejin kamfani da ke bayan Azare, kan hanyar Katagum, muke jiƙa dutsen kabaid ya ba da gas ɗin walda. Aikina shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗar bututu. Inda kumfa ta tashi, nan ne yake yoyo. Dokata ɗaya ce: ko tsinken ashana kada ya kusanci ɗakin.

Maigadin wurin Kawu Jalo ne, ƙanin mahaifiyata, wanda ya raine ni. Tun da aka sare tsamiya aka yi ginin yake cewa masu wurin ba su tashi ba.

"Bubayero, jiya ma na ji numfashinsu," in ji shi, murya ƙasa ƙasa.

"Kawu, yoyo ne. Gas ke warin tafarnuwa, aljani ba ya wari."

Dariya na yi masa. Har gobe ina jin ciwon wannan dariyar.

Na shiga. Warin ya cika mini maƙogwaro, ga wani huci siriri. Na shafa mahaɗa ta farko, ba kumfa. Ta biyu, haka. Na bi su duka goma sha ɗaya.

Ba kumfa.

Sai hucin ya tsaya. Ya ja ciki, ya sake fita. Bututu ba ya jan numfashi.

A ƙeyata hucin yake.

Ruwan sabulun kwanona ya fara kumfa shi kaɗai. Ƙafafuna suka ƙi ɗaguwa.

"Ka ce ba ma wari," aka raɗa mini.

Ta ƙofa na hango Kawu tafe da sauri, ganin na daɗe. Kasko a hannunsa, garwashi jawur, ya barbaɗa turaren korar aljanu. Cetona ya zo yi.

Na buɗe baki in ce ya koma. Babu murya.

"Kada ka ji tsoro, ɗana, ga ni," in ji Kawu.

Saura taku uku.

Biyu.

Wani abu ya fizge ni ta taga, ya yar da ni a gonar gero. Sannan ɗakin ya tashi da wuta.

Da Baturen kamfanin ya ce in rubuta dalili, na rubuta yoyo. Me zan ce?

Tun daga ranar hancina ya mutu, ko ƙanshin miya ba na ji. Amma duk magariba warin tafarnuwa kan zo ya zauna kusa da ni, duk garin da na koma. Ni na yi dariyar, Kawu aka binne.