Golmon Yini Ɗaya a Dabai

Ranar da Nasiruddeen ya fara ganin Rufaida, tana tsaye ne a tagar ɗakin magani na asibitin Dabai, tana roƙon Sista Theresa maganin gyambo.

"Ina mai gyambon?" in ji Sista.

"Ba zai iya zuwa ba."

"To a ina ciwon yake?"

Rufaida ta sunkuya, ta zagaye idon sawunta da yatsa. Sista ta dube ta, ta daɗe tana dubanta, sannan ta miƙa mata maganin ba ta ƙara tambaya ba.

Nasir ma'aikacin ofishin walwalar jama'a ne a Zuru, ɗan garin Manga. Duk Talata yakan zo asibitin don zaman kwamitin haɗin gwiwa da ke taimakon gidajen da shaye-shaye ya shiga. A kwamitin akwai Sista Theresa, da Oga Godswill na hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, da liman, da fasto. Ranar dai Nasir ya makara a zaman, don ya bi yarinyar har bakin ƙofa.

"Malam, in magani kake so, ga layi can," ta ce.

"Ciwon nawa yanzun nan ya kama ni, kuma mai maganin tana shirin tafiya."

Ta rufe baki da gyale tana dariya. Kafin ta hau babur ya samu lambarta.

Gidansu shi ne na ƙarshe a unguwar, a gindin dutse. Nasir yakan zo hira bayan la'asar, su zauna a kan benci a ƙofar gida. Abu biyu ya lura da su. Gonar da ke bayan gidan ciyawa ta cinye ta, alhali ana tsakiyar damina. Sannan duk mai wucewa yakan bar hanya ya ratsa ta nesa, har awaki ba sa kiwo a wurin.

Wata rana suna cikin hira, yana ce mata, "Rufee, in kika yi murmushi mantawa nake da sunana," sai ya ji murya. Muryar namiji ce, can ƙasa-ƙasa, daga bayan rumbu, tana waƙar noma da C'lela, harshen mutanen yankin. Ta kai tsakiya ta tsaya cak. Aka ji jan ƙarfe a ƙasa. Ta sake farowa daga farko, ta tsaya a daidai inda ta tsaya ɗazu. Kajin da ke tsakar gida suka yi tsit.

"Rediyon Baba ne," Rufaida ta ce, ba ta ɗago kai ba.

Jim kaɗan sai ga mahaifinta, Malam Yero, ya dawo daga masallaci da rediyonsa a hannu, a kashe.

A hanyar komawa wani ɗan kabu-kabu mai suna Dodo ya ɗauke shi. Dodo ya taɓa neman Rufaida aka hana shi, kuma bai huce ba.

"Yallaɓai, ka ji waƙar ko? Talle ne, wanta. Ya tafi haƙar zinari wajen Wasagu bai dawo ba. An ce rami ya rufta da shi. Ba gawa, ba jana'iza, shi ya sa fatalwarsa ta dawo gida. Ni da aka hana ni, Allah ne ya cece ni."

Duk da haka Nasir ya tura manyansa. Malam Yero ya tare su a waje, ko tabarma bai shimfiɗa musu ba.

"Ƴata ba ta isa aure ba," ya ce, alhali ƙawayenta duk suna goye da ƴaƴa. "Kuma ko ta isa, ba zan ba mai yawo da masu kama mutane ba."

Washegari da hantsi saƙonta ya shigo wayar Nasir.

"Nas, ka yafe wa Baba. Yaya Talle bai mutu ba. Yana ɗakin bayan rumbu da sarƙa a ƙafa. Ƙwaya ya fara sha don ya yi noma bai gaji ba, ya tafi haƙar zinari ta ƙarasa shi. Ranar da ya dawo bai gane Inna ba, ya nufi rijiya zai faɗa. Baba na tsoron a kai shi gidan yari, yana kuma tsoron bakin gari. Biki zai cika gida da mutane, shi ya sa yake korar kowa. Don Allah ka rufa mana asiri."

Ya amsa mata: "Hasken idona, asirinku nawa ne. Amma ƙafar nan tana ruɓewa. Bari in kai maganar gaban kwamiti, ba zan faɗi suna ba sai kin yarda."

Ashe Dodo ya riga ya baza a unguwa cewa Nasir ɗan leƙen asiri ne, soyayyar duk dabara ce. Da yamma ta turo layi ɗaya: "Ashe aiki ka zo yi a ƙofarmu." Daga nan wayarta ta mutu.

Ranar Talata Nasir ya faɗa wa kwamiti labarin, ba suna, ba unguwa.

"A ɗauki mota a je a fito da shi," in ji Oga Godswill.

Liman ya girgiza kai. "Ka manta wancan gida da muka je da mota? Kafin mu juya sun gudu da yaron daji. Motar nan in ta tsaya a ƙofar mutum, ƴarsa ta rasa miji, shi kuma ya daina tsayawa a sahun gaba."

Sista Theresa ta ajiye bironta. "Na san yarinyar, ni na ba ta magani. Nasir, kai ba son ta kake ba? To ka yi golmo mana, noman neman aure na gargajiyarmu. Mijina shekaru ya yi yana nome gonar babana kafin a ba shi ni. Kuma mai golmo ba ya zuwa shi kaɗai, da abokansa yake zuwa. Wa zai tambayi mutanen da suka shigo da fartanya?"

Fasto ya kalli tumbin Godswill ya ce, "Wannan kuwa noman kunya ɗaya zai kayar da shi." Aka yi dariya, har da Godswill.

Nasir bai so ya yi wa tsohon dabara ba. Ya same shi a bakin gonar, ya durƙusa, ya gaya masa komai, har da su waye abokan.

"Golmo? Mu mun bar golmo tun zamanin kakana," in ji Malam Yero. "Wa ya gaya maka?"

"Ƙafarsa ce ta gaya wa asibiti, Baba. Ba wanda zai kama shi. In ka ce a'a, za mu nome gonar mu tafi, ba za mu taɓa ƙofar ba."

Tsohon ya tsaya yana kallon ciyawar da ta kai masa ƙugu. A bayan rumbu muryar ta faro waƙar. Duk uban da ya taɓa rufe ƙofa a kan ɗansa ya san abin da ke cin zuciya a irin wannan lokaci.

"Ku zo Asabar," ya ce.

Rufaida tana bayan zana, ta ji duka. Wayarta ta dawo da rai: "Na zarge ka, ka yafe ni. Ka zo da hula, ranar gonarmu ba ta da tausayi, Angona."

Asabar da sassafe suka shigo unguwar da fartanya a kafaɗa, ba mota, ba kaki. Nasir da samarin Manga, da Godswill cikin tsohuwar riga, da liman da fasto. Sista Theresa ta biyo da kwano a ka kamar mai kawo abinci, kayan aikinta na ciki. Maƙwabta suka leƙo suna dariya, wai ɗan boko zai yi golmo.

Da rana ta take, Malam Yero ya ciro makulli daga wuyansa, ya buɗe ɗakin.

Wari da duhu suka fara fitowa. Da ido ya saba, sai suka ga ƙasan ɗakin. Talle ya nome shi da cokali. Ƙananan kunyoyi a jere, a miƙe, daga bango har iyakar inda sarƙa ke kai shi. A ƙarshen kunya ta ƙarshe yana tsugune, gashi ya rufe masa fuska, idanunsa kawai ke haske.

"Ku bi ta gefe," ya ce a hankali. "Za ku taka mini dawa." Ya juyo ga mahaifinsa. "Baba, an yi ruwa? Ni nawa bai tsiro ba."

Malam Yero ya zube a ƙasa yana kuka kamar yaro. Liman ya riƙe shi. Sista ta bi ta gefe kamar yadda aka ce mata, ta durƙusa ta fara wanke ƙafar, tana yi masa magana da C'lela. Kwaɗon sarƙar ya yi tsatsa, makulli ya ƙi juyawa. Godswill ya karɓa.

"Baba, aikina kullum rufe irin wannan ne. Yau bari in buɗe. Ba ɗanka nake nema ba, mai sayar masa nake nema." Ya yi ta murɗa makullin har kwaɗon ya buɗe.

Da yamma gona ta fito fes. Masu golmo suka jeru za su tafi, a tsakiyarsu akwai wani mai malfa yana ɗingishi, Nasir na riƙe da hannunsa. Motar asibiti na jiransu can a bakin titi. Wata tsohuwar maƙwabciya da ke zaune a gindin tsamiya ta bi su da kallo.

"Golmon nan da albarka yake," ta ce. "Har mutum ya tsiro." Ta ɗan ɗaga murya. "Talle, ka gaida likita. Ka dawo mana."

Malam Yero ya daskare a ƙofar gida. Ashe ta daɗe da sani.

An kwantar da Talle a asibiti, daga nan aka kai shi wurin jinyar masu shaye-shaye. Ofishin su Nasir ya riƙa kai Inna ganinsa, liman da fasto kuwa suka yi ta magana a kan mumbari har bakin gari ya yi sanyi. Sauƙin bai zo da sauri ba, akwai ranakun da ba ya gane kowa.

Bayan girbi aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam Yero, mutane suka cika har tsakar gida. An ba Talle izinin yini. Ya zauna kusa da mahaifinsa cikin farar riga, bai gama murmurewa ba, amma da aka shafa fatiha muryarsa ce ta fi ta kowa wajen cewa amin.

Da za a tafi da amarya, Malam Yero ya kama hannun Nasir ya ɗora na Rufaida a kai.

"Ɗana, ka zo neman mutum ɗaya a gidana, ka fitar mini da biyu. Allah ya yi muku albarka. Allah ya ba ku ƴaƴa, ya kuma ba ku ƙarfin halin neman taimako ranar da suka fi ƙarfinku."

Rufaida tana kuka a cikin mayafi. Nasir ya sunkuyo ya raɗa mata, "Amarya, in kukan nan bai tsaya ba, zan kira kwamiti."

Ta mintsine shi a hannu. Allah ya bar su tare, ya kuma tsare mana namu ƴaƴan.